Mu Maƙwabtan Juji

In muka je Fammar gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, 'yan birni ake ce da mu, a shimfiɗa mana sabuwar tabarma, a aiki yaro ya sayo mana lemo. In muka dawo Kano kuwa, tun daga bakin titi mai adaidaita zai dube mu ya ce, "Can wajen 'yan bola?" sa'an nan ya ƙara kuɗi saboda wari. Duka sunayen biyu namu ne, ba mu musun ko ɗaya. Shekara 40 ke nan muna amsa su.

Hausawa na cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zuba. Mun sha jin ana kawo wannan magana a wajen wa'azi da wajen naɗin sarauta in ana yabon haƙurin shugaba, amma ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi yadda maƙwabcin juji yake kwana ba. To mu ne maƙwabtan nan, mu bakwai 'ya'yan mutum ɗaya, da tsohuwarmu, da iyalanmu.

Asalinmu Fammar ne, a ƙasar Kibiya, tun Kibiya tana ƙarƙashin Rano ba ta sami ƙaramar hukumarta ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, manomi ne ɗan manomi. Yana da gonaki biyu, ta tudu da ta kwari, da bijimai biyu na huɗa. A 1983 annobar shanu ta shigo Arewa ta yi wa garkunan Fulani kaca-kaca, ta haɗa da bijiman Baba cikin mako guda. A 1984 ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Ga kuma canjin kuɗin da gwamnatin soja ta yi a watan Afrilu na shekarar, wanda ya iske mutanen ƙauye da yawa da tsofaffin takardu a tukunya. Kafin kaka ta wuce rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Sai Baba ya jinginar da gonar kwari ga wani ɗan'uwansa a kan buhu shida na dawa.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka jingina sayarwa ce. Ba haka ba ne. Gona tana hannun wanda ya ba ka rance, yana nomawa yana ci, ba wa'adi ba takarda, sai shaidu. Ran da ka mayar da abin da ka karɓa, in ya kwashe amfaninsa, gonarka ta dawo. Baba ya ƙirga ya ga rani ɗaya ya ishe shi. Bisa al'ada namiji shi kaɗai ke tafiya cin rani ya bar iyali a gida, amma a wannan shekara ba abin da za a bar iyali da shi. Saboda haka ya kwashe mu duka, muka sauka a tashar Unguwa Uku a farkon 1985, da tabarmi da tukwane da akuya guda.

Ɗakin da muka samu a bakin wani kududdufi yake, a gefen gari na wancan lokaci. Ba za mu faɗi sunan unguwar ba, don waɗanda suka gina benaye a wurin yanzu ba za su gode mana ba. Kano dai da ƙasarta aka gina ta, kowane gidan ƙasa da ka gani akwai ramin da ya bari a wani wuri, kuma waɗannan ramuka su ne ke shanye ruwan sama da damina. Namu a lokacin yana da ruwa har tsakiyar rani. Yara na kama tarwaɗa, magina na kwaɓa ƙasa a bakinsa, kwaɗi na hana mu barci. Shara akwai, amma ta maƙwabta ce, kwando-kwando.

Ruwan farko ya sauka kuɗin buhu shida bai haɗu ba. Baba ya tura manyan yayyenmu biyu su noma gonar tudu, ya ce sauran mu ƙara shekara guda. A watan Yuli na 1985 Janar Tunde Idiagbon ya zo Kano ya ƙaddamar da kashi na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, watau na tsaftar gari, har aka sa kyautar Naira miliyan ɗaya ga birnin da ya fi kowanne tsafta. Gari ya ɗauka, aka fito da tsintsiya da shebur, aka yashe kwatoci, aka kwashe jujin da ya shekara goma a lungu. Kowa ya yaba. Abin da ba a faɗa a rediyo ba shi ne inda aka kai abin da aka kwashe. Wata safiyar Asabar muka ga tifa ta ja da baya har bakin kududdufinmu ta ɗaga gindi. Wata ta biyo ta. Wata guda bayan haka aka hamɓarar da gwamnatin, amma tifofi ba su ji labari ba.

Inna ta yi kuka ranar. Baba kuwa ya je ya tsuguna ya ɗebi abin da aka zubar a tafin hannunsa, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai taki ne."

Gaskiyarsa. Sharar Kano ta wancan zamani toka ce daga murhu, da kashin awaki da tumakin da ake kiwo a cikin gida, da ƙaiƙayi, da ganyen da aka ƙunsa alala ko goro, da ƙurar tsakar gida. Kuma ba Baba ne ya fara gano amfaninta ba. Tun kaka da kakanni manoman kewayen birni ke shigowa da jakuna ɗauke da itace da kara, su koma da mangala cike da takin birni. Abin da ya sa gonakin Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu ke ba da amfani kowace shekara ba hutu ke nan, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna nazarin yadda ƙasa mai yawan jama'a haka ba ta mutu ba. Birni na cin ƙauye, ƙauye na cin sharar birni, ba wanda ya ci bashin wani.

Baba ya sa aka buga masa rariyar waya mai ƙafa biyu, ya sayi manjagara da shebur. Mu yara muna tonowa daga inda shara ta ruɓe ta yi baƙi, muna watsawa a rariya, yana tara tsibi. Masu jakuna su zo su saya mangala-mangala, daga baya masu a-kori-kura suka shigo. Da wannan aka ciyar da mu, da shi aka saya mana allo da kayan makaranta. Baba bai taɓa yarda a ce masa ɗan bola ba. In an tambaye shi sana'arsa sai ya ce noma, iyaka dai gonar tasa tana gonakin mutane.

Sai leda ta zo. Da farko abin marmari ce, Inna har wanke ta take yi ta shanya. Cikin shekarun 1990 ruwan leda ya cika gari, mai ƙosai ta bar takarda, mai goro ya bar ganye, kowane tsinke aka saya sai an sa shi a baƙar leda. Tankaɗen da ke cin yini ɗaya ya koma cin uku. Manoma suka fara ƙorafi, wai leda na hana ruwa shiga ƙasa, tana naɗe bakin garma, iska kuma ta kwashe ta ta rataya a kowace ƙaya. Jikar akuyar nan da muka zo da ita daga Fammar ta rame tana ci, cikinta ya kumbura. Da aka yanka, mahauci ya fito da dunƙulen leda daga tumbinta kamar kan jariri. A 1997, da gwamnati ta janye tallafin takin zamani, manoma suka dawo mana ba don suna so ba, da ledar da komai. (Ungulu ma a tsakanin nan ta ɓace. Da muka zo, su ne ke riga mu isa bola da asuba. Yau akwai 'ya'yanmu da ba su taɓa ganin ungulu ba sai a karin magana. Belbela da shirwa suka gaje ta.)

Wanda ya zauna kusa da juji ya san cikin gari fiye da mai unguwa. Mun san shigowar azumi da ɓawon kankana da lemo, mun san Babbar Salla da ƙaho da kofato, mun san an gama zaɓe in fuskokin 'yan takara suka iso tifa-tifa, wanda ya ci da wanda ya faɗi a cuɗe. Mun san shekarar da abinci ya yi tsada, don ba ka ganin ko ƙanzo a shara. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 har karnukan bola sai da suka rame.

Akwai wani babban gwangwanin madara da Baba ke ajiyewa a bakin ƙofa. Doka ce a gidanmu, duk takardar da aka gani da rubutun Larabci, ko yagaggen shafi ne ko kalanda, a ɗauke ta a kakkaɓe a sa a ciki. Ran Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ƙona su a wuri mai tsabta, ya binne tokar a gindin darbejiya. Saboda wannan doka muka saba duba kowace takarda kafin mu watsa ta a rariya, kuma daga dubawa aka koma karantawa. Da yawanmu a bola hannunmu ya faɗa a karatun boko, da guntayen Gaskiya Ta Fi Kwabo masu maiƙon tsire, da tsofaffin littattafan 'yan makaranta. Da littattafan soyayya suka yi yawa a kasuwa, su ma suka riƙa isowa, sai dai kullum a gutsure. A sami na ɗaya ba na biyu, ko a sami tsakiya ba kai ba gindi. Da dare sai mu zauna a gaban fitilar aci-bal-bal, ɗaya ya karanta har inda takarda ta ƙare, sa'an nan kowa ya kawo yadda yake ganin labarin ya ƙarasa. Yayarmu mace ba ta taɓa barin mugun attajiri ya auri yarinyar ba. Wani yayanmu kuwa kullum sai ya kashe saurayin a hatsarin mota, wai haka duniya take. Marubutan da suka wallafa littattafan nan su gafarce mu, mun sauya musu ƙarshe ba adadi.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman daɗi muke ba da labari. Bola tana da wutar da ba wanda ya kunna ta, daga ƙasa take ci, ta yi wata da watanni ba a ganin harshenta sai hayaƙi. Da hunturu hazo ya danne hayaƙin nan ya hana shi tashi, ya shigo ɗaki ya kwana da mu. Tarin da Inna ke yi yau ya girmi jikokinta. Da damina ruwa ya bi ta cikin shara ya fito baƙi kamar na rini, ya gangara inda rijiyoyinmu suke. Ƙuda ba a maganarsa, tuwo sai an ci da hannu ɗaya ana kora da ɗaya. Wasu masu ɗakunan shan magani kan zubar da allurai da auduga mai jini a cikin sharar gida, ba ruwansu da ƙafar da za ta taka.

Da mu takwas ne. Autarmu a nan aka haife ta, ita kaɗai ce a cikinmu ba ta taɓa kwana a Fammar ba. A ƙarshen 2001, lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a Kano, ta kwanta bayan la'asar, kafin azahar ta washegari an kai ta makwancinta. Shekararta 13. Ba gidanmu kaɗai aka yi makoki ba a layin nan, saboda haka ba a daɗe ana zaman namu ba.

Akwai kuma ciwon da ba na jiki ba. Da babban yayanmu ya ga yarinya a wata unguwa, aka yi magana, Baba da Kawu suka sa manyan riguna suka tafi da goro. Waliyyin ya karɓe su hannu biyu, aka kawo ruwa, aka yi addu'a. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, yaron nan mun bincika, ba mu ji komai a kansa ba sai alheri. Amma don Allah a ina zai ajiye ta?"

Baba ya ce, "Alhaji, inda na ajiye uwarsa."

Shiru ya yi tsawo. Alhaji ya ce, "To, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa." Suka ce amin, suka ɗauko goronsu. Daga ƙarshe a Fammar aka yi wa Yaya aure, inda ake ganin wanda ya auri ɗan birni ya haye. Amarya ta kwana uku ba ta iya cin abinci ba.

Da ƙarfin Baba ya ragu, mu muka karkata ga jari-bola, don nan kuɗin ya koma. Muka sayi sikeli, muka kafa rumfa. Yara masu buhu da maganaɗisu su kawo mana, mu ware ƙarfe daban, dalma daban, tagulla daban, roba daban, mu sayar wa manyan 'yan gwangwan. Ƙarfen ya hau tirela zuwa inda ake narka shi, robar a niƙa ta a kai masana'antu ta dawo kasuwa a matsayin buta da bokiti da silifa. Wataƙila butar da mai karatu ya yi alwala da ita yau ta taɓa bi ta sikelinmu. Ba mu ce babu ɓarayi a sana'ar nan ba. Akwai masu yanke wayar lantarki, akwai masu ɗauke murfin kwata, kuma akwai masu sikelin da ke saye ba tambaya. Saboda irinsu ne a watan Janairu na 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan bola yawo a cikin gari, suka ce su tsaya a wuraren zubar da shara. Dokarmu ita ce duk abin da ya zo da sheƙi ko da alamar an kwance shi da sifana, mai shi ya ƙara gaba. Amma in an yi sata a unguwa, rumfarmu ake fara zuwa.

Gonar kwari fa? Buhu shida ba dukiya ba ce, sau da yawa kuɗinsu ya haɗu a hannun Baba. Sai dai duk sanda ya haɗu sai wata hidima ta riga shi, ko suna, ko jinya, ko rufin ɗaki ya faɗo. Abin da ya fi muni, sau biyu ya koma wajen ɗan'uwan nasa ya karɓi ƙari a kan jinginar, na farko don auren Yaya, na biyu don bashin da rasuwar Auta ta bari. A 2006 ya rasu. Maganarsa ta ƙarshe da muka gane ita ce, "Ku fanso gonar kwari." Kafin mu shirya shi ma mai riƙon ya rasu, magadansa suka ce su dai sun tashi sun ga ubansu na noma wurin, saye ne. Cikin shaidu uku saura mutum ɗaya, tsoho tukuf, ba ya gani. Aka ɗauko shi a bayan babur zuwa gaban dagaci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jingina ce. Buhu shida, ni na auna. Kabari nake hange, ba zan tafi da gonar marayu a wuyana ba." A 2010 muka biya, da asalin da ƙarin, a kan farashin dawa na ranar.

Da muka je muka zagaya ta, sai jikinmu ya yi sanyi. Wanda ya san gona ba tasa ba ce ba ya zuba mata taki. Shekara 25 ana tatsarta, ƙasa ta yi fari, ƙuduji ya mamaye ko'ina. Ranin da ya biyo muka yi abin da har yau ake ba da labarinsa a garin. Muka tankaɗe takin bolarmu sau biyu, muka cika tifa, muka ce Fammar za a kai. Direban ya ce mun haukace, kuɗin mai ya ninka kuɗin kayan. Muka ce mun ji. Da tifa ta ɗaga a bakin gona, gari ya fito kallo. Duk da tankaɗen nan, ga guntayen leda na leƙowa, ga murfin kwalba. Wani dattijo abokin Baba ya dafa sandarsa ya ce, "Ikon Allah! 'Ya'yan Malam sun shekara ashirin da shida a birni, sun dawo mana da shara." Aka yi ta dariya, har da mu. Da kaka shi ne ya fara aiko yaro yana tambayar nawa tifa take.

Yanzu kududdufin ya cika. Shekarun baya tifofi suka daina zuwa, katafila ta zo ta baje, aka zuba jar ƙasa, aka kafa duwatsun awo. Gari kuma ya riga ya wuce mu da nisa, gefen da muka sauka a 1985 ya zama tsakiya. Mutanen da ke toshe hanci in sun wuce su ne suka sayi fulotai. Mun gaya wa wani mai gini cewa ƙasan nan shara ce zurfin gaba da gaba, za ta ci gaba da zama, bai ko dube mu ba. Bangonsa ya tsage kafin a yi fenti. Ruwan saman da ramin ke shanyewa kuwa bai sami wanda ya gaya masa an sayar da wurin ba. Ɗakunanmu ne mafi ƙasa a layin, nan yake sauka kowane Agusta.

Mai gidan da muke haya ya rasu, magada za su sayar su raba. Sun yi mana mutunci, sun ba mu zuwa bayan Babbar Salla. Shekara 40 muna biyan haya, ba mu da ko takarda ɗaya mai sunanmu a kan wurin, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Kan wannan muke ta kai da kawowa kowane dare. Yaya ya ce a bi shara inda ta koma, har ya je ya gano wani tsohon ramin da aka haƙi ƙasar titi a bayan gari, inda tifofi ke zuwa yanzu, ya ce ɗaki na da araha. Wasunmu sun ce a koma gida. Amma gonaki biyu in aka raba wa mutum bakwai da uwarsu, kowa zai sami abin da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, kuma 'ya'yanmu ba su san kan fartanya ba. In sun je Fammar kwana biyu suke yi su fara tambayar ranar komawa. Ɗaya daga cikinsu, 'yar Yaya ta fari, tana Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, kuɗin tagulla da roba ne ke biya mata. In Allah Ya yarda duba-gari za ta zama. Ta ce ran da ta sa kaki, rumfar ubanta za ta fara rufewa. Ya ce ta bari ya gama biyan kuɗin jarrabawa tukuna.

Inna ba ta sa baki a gardamar. Ta riga ta ɗaure kwallayenta da tsumma, ta ce ko da wa ko ba da wa ba, ita a Fammar za ta yi damina. Gwangwanin Baba ma ta sa a cikin kayan. Jiya muka iske ta a gindin darbejiya da ƙaramar fartanya da buhu, tana tonon wurin da ake binne tokar nan. Muka ce, "Inna, me za ki yi da ita?" Ta ce, "Masu bulo za su zo su taka." Sai muka karɓi fartanyar muka ƙarasa mata.